Abin da Na Ara wa Ɗan Aro

Ni mace ce mai yawan damuwa, kowa a gidanmu ya sani. Idan na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon. Idan na yi alwala sai na tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu. 'Ya'yana suna yi mini dariya, ni ma wani lokaci ina taya su. Amma ranar da autana Nafi'u ya zo mini da maganar zanen dodo ban yi dariya ba, domin ya taɓo abin da na daɗe ina kewaye shi kamar rijiyar da ba ta da murfi.

Nafi'u ya gama makaranta ya daɗe a zaune ba aiki. Hannunsa na zane ne tun yana ƙarami. Gado ne daga mahaifina, wanda shi ke zana wa maɗinka aska da tambari a jikin babbar riga kafin a sa mata allura. Shi Nafi'u a wata faffaɗar waya yake nasa zanen, da ɗan tsinke kamar alƙalami. Wasu masu buga littattafan yara da Hausa ne suka ce ya gwada zana musu dodo, in ya yi musu, su ba shi aikin littafin gaba ɗaya. Ya zana mai ƙaho, ya zana mai fukafukai yana aman wuta, duk suka dawo masa da su. Suka ce waɗannan na fim ɗin Turawa ne, su suna son wanda ba a taɓa gani ba, amma yaron Zariya ya kalle shi ya san na gida ne. Suka ce ya sake gwadawa sau ɗaya, in bai yi ba su nemi wani. A wannan lokacin kuma ya fara yi mini zancen abokansa da suka tafi daji haƙar zinare, yana faɗin sunayen waɗanda suka dawo da babur. Ni kuwa sunayen waɗanda ba su dawo ba nake ji a raina.

Yayana Lawal ne ya turo shi wurina.

“Umma, Kawu Lawal ya ce akwai wani dodo da Iya take yi muku, wai Ɗan Aro. Ya ce shi ya manta rabi, ke ce ba kya manta komai.”

Na ce, “Kawunka ya cika surutu. Tashi ka ba ni wuri, ina da aiki.”

Ba ni da wani aiki a lokacin. Ɗaki na shiga na zauna a bakin gado.

Iya kakarmu ce ta wajen uba. A gidanta muka tashi, a Ƙofar Gayan, gidan ƙasa mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Gajeriya ce, baƙa, bakinta ja da goro, kuma ba ta iya magana a hankali ba sai in za ta yi tatsuniya. Da damina, bayan an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai ta kwashe garwashin murhu a kasko ta kai ƙofar ɗakinta, ta jera masara a kai. Mu jikoki mu kewaye ta, ni da Yaya Lawal da Asabe 'yar baffanmu da ƙananan da ba sa kai ƙarshen labari ba su yi barci ba. Har yau in na ji ƙamshin masara tana ƙonewa ta gefe ɗaya, sai in ji kamar ƙafafuna suna kan waccan tabarmar mai sanyi.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, “Ga baƙuwa nan a zaure tana sallama.” Mu kuma mu ce, “Ta shigo, a ba ta tabarma.” Tana da labarai da yawa, amma wanda muke roƙo shi ne na Ɗan Aro, domin shi kaɗai ne muke da hannu a cikinsa. Iya ba ta taɓa faɗa mana kamanninsa ba. Mu ne muke haɗa shi. Kafin ta fara, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ara masa abu ɗaya da zai zama wata gaɓa a jikinsa. Dokarta biyu ce. Ba a aro daga daji, ba kura ba maciji, sai abin da ke cikin gida. Sannan ba wanda zai kwanta sai kowa ya karɓi kayansa.

“Lawal, mijina da ba ya cefane, me ka ara masa?”

“Tanda, Iya. Ta zama bakinsa.”

“Na sani. Kai ko a mafarki masa kake gani. Asabe fa?”

“Tsintsiya, gemunsa.”

“Da ma kin san inda take? Ai na ɗauka gaba kuke yi da ita.”

Haka za a yi ta yi, turmi ya zama gangar jiki, taɓare su zama ƙafafu, faifai kunnuwa, igiyar guga wutsiya. Kowane dare da irin Ɗan Aron da ke fitowa. Wani dare ya ba mu dariya har ciki ya yi ciwo, wani dare kuma mu matsa jikin juna don tsoro.

Labarin kansa ba shi da tsawo. Wai a gindin dutsen Kufena akwai wani abu da ba shi da jiki, murya ce kawai. Yana son mutane su ji tsoronsa, amma wa zai ji tsoron abin da ko inuwa ba shi da ita? Sai ya shigo gari da almuru, ya tsaya a bayan katanga ya yi murya irin ta ɗan aike, “Wai a ara mana turmi.” Mutanen gari kuwa ba sa hana maƙwabci aro, sai a miƙa ta saman katanga ba a duba ba. Ya je gida na gaba ya ari taɓarya, na gaba ya ari tanda. Kafin asuba ya haɗa jiki, ya je ya zauna a bakin rijiyar gari, ya ce ba mai ɗiban ruwa sai an ba shi tuwon gidan na ranar. Maza suka fito da baka da mashi, ya buɗe bakin tanda, kowane gurbi da irin kukansa, suka watsar da makamai suka gudu. Gari ya shiga ƙishirwa, yara suna kwana da yunwa.

Sai wata yarinya da uwarta ke tuyar masa ta bi bayan masu kai tuwo. Kowa ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ɗaga ido ta dube shi. Ta ga bakin nan mai ban tsoro yana da ɓalli a gefe ɗaya, daidai inda ita da kanta ta taɓa yar da tandar uwarta ta sha duka. Sai ta matsa ta ce, “Inna ta ce a ba ta tandarta, za ta yi tuya.”

A nan Iya takan tsaya ta juya masara. Sannan ta ce, “Kun san kayan aro ba ya rufe katara. In mai abu ya zo, ko kai wane ne, sai ka bayar.” Ɗan Aro ya cire baki ya miƙa. Da mutane suka ga haka, sai kowa ya fara gane nasa. Daga nan labarin ya dawo hannunmu. Kowa ya tashi tsaye ya ce, “Na zo karɓar abu kaza,” Iya kuma ta amsa da muryar dodon, “Ga shi,” muryar tana ƙara ƙanƙancewa, har na ƙarshe ya karɓa ta koma kamar kukan sauro, ta bi iska ta koma Kufena. Sai Iya ta kaɗe zaninta ta ce, “Baƙuwa ta sa takalminta, kowa ya ɗauki kayansa ya kwanta.” Da safe ka ga turmin nan da ya hana ka numfashi jiya ana daka gero a cikinsa, kaza tana tsattsage a gindinsa. Sai ka ji kunyar kanka.

Shekarar da nake aji uku a firamare, Baba ya kamu da tari. Tun ana cewa mura ce har aka daina cewa komai. Ya daina fita zaure, yadin mutane ya taru ba a zana ba. Ɗakinsa yana fuskantar na Iya, tsakar gida ce kawai a tsakani, kuma tarin ya fi tashi da dare. Manya ba sa gaya wa yara komai, amma ni ina ganin yadda Inna, mahaifiyarmu, take wanke tsummansa ita kaɗai a bayan ɗaki, ba ta bari a gani.

Wani dare ana yayyafi muka roƙi Ɗan Aro. Lawal ya ba da tandarsa kamar kullum, Asabe ta ba da rariya. Da aka zo kaina, ban shirya ba, maganar ta fito da kanta.

“Na ara masa tarin Baba.”

Asabe ta mintsine ni a cinya. Lawal ya ce, “Ke wace irin wawuya ce?” Iya ta ɗaga masa hannu. Ta daɗe tana kallon garwashi, har masara ɗaya ta kama da wuta ba ta juya ta ba.

Ta ce, “A cikin gida yake. An karɓa. Amma Rabi, ki tabbata kin zo karɓa.”

Na ce to.

Iya takan kwaikwayi ƙarar kowane abu da aka ara, dukan turmi, sharar tsintsiya. A daren nan ba ta kwaikwayi tari ba. Duk inda labari ya kai ga Ɗan Aro zai yi tari, sai ta yi shiru kawai, na gaskiyar ya ratso yayyafi daga ɗakin Baba ya cike wurin. Ban taɓa jin tsoro irin na daren ba. Amma ina daurewa, domin na san yarinyar tana zuwa, na san zan tashi in karɓa, in huta.

Yarinyar ta iso bakin rijiya ke nan, ta ɗaga ido, sai muka ji muryar Inna.

“Iya! Iya, ki zo!”

Iya ta miƙe, gefen zaninta ya share kaskon, ta ratsa ruwa ba takalmi. Aka yi ta shiga da fita, aka taso maƙwabcinmu mai mota, aka fito da Baba a naɗe cikin bargo. Wata gwaggonmu ta kora mu ɗaki ta ce mu kwanta. Na ce mata ba mu karɓi kayanmu ba. Ta ce in rufe mata baki.

Da gari ya waye na fito na duba. Tanda tana madafa a kife, rariya tana rataye a ƙusarta. Kowa nasa ya dawo ko bai karɓa ba. Nawa ne kaɗai babu. Gidan ya yi tsit. Baba bai dawo gidan da ƙafarsa ba, daga asibiti aka kawo shi aka yi masa sutura.

Ina so a fahimce ni, domin ba na son in faɗi abin da zai zama saɓo. Ban taɓa cewa bakina ne ya jawo ba. Ajali na Allah ne, na san wannan tun ina allo. Abin da ya tsaya mini shi ne, an ce in tabbata na zo karɓa, na ce to, kuma ban karɓa ba. A tunanina na yarinya, Ɗan Aro yana nan zaune a bakin rijiya, kowa ya kwashe nasa, ya rage daga shi sai tari. Na girma na san ba haka ba ne, amma jikina bai sani ba. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, duk wanda ya yi tari a cikinsu sai in kwana a zaune da hannuna a ƙirjinsa. Bayan an share makoki Iya ta ci gaba da tatsuniya, amma ba ta sake yin Ɗan Aro ba, mu ma ba mu sake roƙo ba. Sau da yawa na yi niyyar tambayarta, sai nauyin baki ya hana ni, har Allah ya karɓi abarsa.

To wannan ne abin da Nafi'u yake so in ba shi ya sa a littafi. Na kwana ina juya maganar. Da farko na kama hujjar addini, na je na kwatanta wa malamarmu ta Islamiyya Ɗan Aro, na tambaye ta hukuncin zana abu mai rai. Ta ce malamai sun yi magana mai yawa a kai, amma turmi da tanda ai ba su da rai. Na ce, “To idan aka haɗa su suka yi ido fa?” Ta dube ni ta ce, “Rabi, ke dai Allah ya yaye miki waswasi.” Na ce amin. A hanyar dawowa na gane ba wannan ne ainihin damuwata ba. Damuwata ita ce littafi ba ya warwarewa. Iya tana haɗa dodo ne don ta rushe shi kafin a kwanta. In aka buga shi a takarda, yana nan a haɗe yau da gobe, yaro ya rufe littafin ya sa a ƙarƙashin matashi ya kwana da shi. Wa zai ce masa ya tashi ya karɓi kayansa? Ni na san abin da dare ɗaya ya yi mini.

Ina cikin wannan sai na shiga share ɗakin Nafi'u. A ƙarƙashin gado na ga takalman roba sababbi, da fitilar nan da ake ɗaurawa a goshi, irin ta masu shiga rami. Na mayar da su yadda na gan su. Na zauna a ƙasa na yi kuka ba sauti. Da ya dawo na ce ya kira Kawunsa, su zo bayan isha'i.

An ɗauke wuta a daren, kamar yadda aka saba. Na hura murhun gawayi a tsakar gida, na sa masara, ko da yake ba wanda ya ce yana so. Yaya Lawal ya iso a kan tsohon babur ɗinsa da salansarsa ta fashe, wanda tun daga bakin titi ake sanin shi ne. Jikata Husna, 'yar babbar 'yata da nake riƙo, ta zo ta lafe a jikina. Shekarunta ba su wuce nawa na wancan lokacin ba, kuma duk cikin jikokina ita ce ta ɗauko ni. Ita ma tana komawa ta taɓa kwaɗo.

Na gaya musu dokokin Iya. Nafi'u ya ɗora wayarsa a gwiwa ya ce a fara.

Lawal ya ce, “Tanda. Baki.”

Na ce, “Yaya, har ka yi furfura ba ka canza ba?”

“Me zan canza? Gaskiya ɗaya ce, masa ma ɗaya ce.”

Nafi'u ya ce gangar jikin ta zama baƙin tankin ruwa irin na saman gida. Lawal ya ce turmi ne, haka aka gada. Nafi'u ya ce turmi ya yi gajere, dodon zai fito kamar ɗan dambe da ya sha kashi. Suka yi ta ja, har aka sasanta a kan tanki a sama, taɓare biyu a ƙasa. Ya zana, ya goge, ya sake. Ya ce gashin kai wayoyin caja ne da suka harɗe.

“Iya ba ta san caja ba,” in ji Lawal.

“Kawu, abin da ke cikin gida aka ce. Leƙa ɗakinka ka ƙirga.”

“Ɗan banza, da bakin uwarka kake magana.”

Aka gwada faifai a kunne, ya yi kama da giwa, aka cire aka sa murafan tukunya, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Aka gwada bokitin fenti a matsayin hula, Husna ta yi dariya, Nafi'u ya ce dariyar ta yi yawa, ya goge. Ni na dage sai ya sa ɓalli a gefen tandar, kuma ya fito sosai yadda yaro zai gani. Ya ce zai ɓata kyan zanen. Na ce in babu ɓallin, babu labarin.

Sai ya ce, “Saura ido. Umma, ke ba ki ara masa komai ba.”

Na ce, “Na ara masa fitilar goshi. Ido ɗaya, a tsakiya. Akwai wata sabuwa a cikin gidan nan.”

Tsinken ya tsaya a hannunsa. Bai ɗago ba. Lawal ya dube ni ya dube shi, bai tambaya ba. Can sai Nafi'u ya ci gaba da zane, ya sa fitilar, ya ja haskenta ya sauko ƙasa. Da ya juyo mana da wayar, sai da gabana ya faɗi. Duk kayan na san su, wasu ma ina ganinsu daga inda nake zaune, amma abin da ke kallona daga cikin gilashin ban san shi ba.

Nafi'u ya ce, “Husna, ke fa? Me za ki ara masa?”

Ta ƙara shigewa jikina. A hankali ta ce, “Ƙarar babura da dare.”

A 'yan shekarun nan an sha shiga gidajen mutane a gefen gari a tafi da su, kuma kowa ya san a kan babura ake zuwa. Muna zancen a gaban yara muna ɗauka wasa suke yi. Ashe yarinyar nan duk daren da babur ya wuce a lungu idonta biyu.

Nafi'u ya yi ƙoƙarin dariya ya ce, “Wannan ai ba ya zanuwa, Husna. Bari in shiga ciki in gyara wannan tun caji bai ƙare ba.” Ya yunƙura zai tashi.

Na ce, “Zauna.”

Ni kaina ban san muryar ba. Na ce, “A cikin gida yake, tunda a kunnenta yake kwana. An karɓa. Kuma ba mai tashi daga nan sai an kai ƙarshe.”

Ban taɓa yin tatsuniyar nan da bakina ba, amma ta zo kamar jiya na ji ta. Na ce ga baƙuwa a zaure tana sallama. Lawal ne kaɗai ya san amsar, ya ce ta shigo a ba ta tabarma. Ina ba da labarin ina sauraron ƙofa, ina sauraron lungu, zuciyata tana cewa yanzu wani abu zai faru, yanzu za a kira. Yarinyar tana dab da rijiya sai wayar Lawal ta yi ƙara. Na ce kada ya ɗauka. Ya ce daga gida ne. Na ce ko daga ina ne su jira. Allah ya sani, a raina na riga na kashe mutum uku a gidansa kafin wayar ta yi shiru, amma ban tsaya ba. Daga baya muka ji matarsa ce take so ya sayo maganin sauro.

Yarinyar ta ga ɓalli, ta karɓi tandar uwarta. Lawal ya tashi da ƙyar yana dafa gwiwa ya karɓi tasa. Nafi'u ya karɓi tanki da wayoyin caja da sauran abin da ya ara. Na ce ni ma na zo karɓar fitilata, na amsa wa kaina. Nafi'u ya tashi, na buɗe baki zan hana shi, ya ce yanzu zai dawo. Ya shiga ɗaki ya fito da fitilar ta gaske ya ajiye a cinyata, ya koma ya zauna.

Saura Husna. Ta miƙe tsaye, ta riƙe bakin hijabinta, sai ta juyo.

“Kaka, ai ba nawa ba ne. Na wa zan ce?”

Ba zan ce mata babu mugaye ba, domin ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce.

Lawal ya ce, “Nawa ne mana, amarya. Duk Ƙofar Gayan wa yake da babur mai zawo irin nawa?”

Ta ɗan yi murmushi, amma ta ce, “Ba naka kaɗai ba ne.”

Na ce, “Gaskiyarki. Ki karɓi wanda kika sani. Sauran ki bar mana, mu manya, da addu'a da sakata. Ba kayan yara ba ne.”

Ta yi tunani, sannan ta fuskanci duhun bakin rijiya ta ce, “Kaka Lawal ya ce a ba shi ƙarar babur ɗinsa, zai tafi gida.” Na ƙanƙance murya na ce, “Ga shi.” Ta dawo ta zauna, na ji jikinta ya saki.

Na ɗaga hannu zan kaɗe zani in rufe, sai Lawal ya ce, “Rabi, akwai saura.”

Na ɗauka ya manta. Shekara da shekaru bai taɓa ambata ba, ni ma haka. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya ce shi zai yi muryar. Yaran suna kallonmu ba su gane ba. Na tashi tsaye, ni da jikoki, kamar 'yar aji uku.

Na ce, “Na zo karɓar tarin Babana.”

Ya ɗago ya dube ni. Sannan da wata 'yar murya siririya ya ce, “Ga shi. Kin daɗe.”

Ya juya baya yana share ido, ya ce gawayin nan ɗanye ne, hayaƙi ya yi yawa. Na ce baƙuwa ta sa takalminta. Masarar duk ta ƙone, ba wanda ya ci.

Masu littafin sun karɓi zanen, sun ba Nafi'u aikin. Fitilar tana cikin akwatina, takalman kuma ya ce ya sayar, ko da yake na leƙa ƙarƙashin gadon fiye da sau ɗaya. Ba zan ce na warke ba. Jiya ma Husna ta yi tari cikin barci, na tashi na sa hannu a ƙirjinta. Bambancin kawai, yanzu in na tashi na san tarin Husna ne, na ba ta ruwa da zuma, na koma na kwanta. Ina ganin abin da Iya take koya mana ke nan, ba wai tsoro ƙarya ba ne. Tarin Baba gaskiya ne, baburan ma gaskiya ne. So take mu ɗaga ido mu rarrabe, wannan na wane ne, wannan na wance, kada su haɗu su zama abu ɗaya da ya fi ƙarfinmu. Kuma kada babba ya buɗe wa yaro irin wannan ƙofa ya tashi bai rufe ba. Ita larura ce ta tashe ta, kuma ina zaton abin ya tsaya mata kamar yadda ya tsaya mini, shi ya sa ba ta sake yin labarin ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa wa Nafi'u. Na ce shafin ƙarshe ya zama tsakar gida da safe, tanki a mazauninsa, tanda a kife da ɓallinta, kaza tana kiwo, ba dodo ko kaɗan. Ya zana, ya yi kyau, ya aika. Sun ce za su duba, wai takarda ta yi tsada, kuma dodon ne yara suke son gani. Har yanzu ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Kullum sai na tambaye shi, har ya fara guduna. Ina tunanin yaran da ban sani ba, a gidajen da ba zan taɓa shiga ba, waɗanda za su kai shafin da dodo yake zaune a bakin rijiya, sai a kira uwarsu tana tsakiyar karanta musu.

Ranar da littafin zai iso hannuna, daga baya zan fara buɗe shi.